Tambaya da Amsa: Kakata ta ƙi kyamara, kuma saura mako shida in miƙa fim

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan Jidda, ina aji biyu a sashen fim. A wannan zangon an ce kowa ya kawo gajeren fim na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, kada ya wuce minti goma. Na zaɓi tarihin Hausawan Saudiyya, kuma ina so kakata ta zama ginshiƙinsa, don tana yarinya ta zo da iyayenta ta ƙasa, ta Cadi da Sudan. Da na fito da kyamara sai ta ja mayafi, ta ce ba za a haska tsohuwa maza su kalla ba. Na lallaɓa na ɗauke ta da waya ba ta sani ba, amma ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta cinye maganar. Malamarmu ta duba abin da na haɗa ta ce ba shi da alƙibla. Saura mako shida. In canza batu ne?

Ɗaliba, Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki canza batu. Rage shi za ki yi. Amma akwai abin da ya riga wannan gaggawa.

Hoton nan da kika ɗauka ba ta sani ba, ki goge shi yau, ko ki je ki durƙusa ki gaya mata abin da kika yi, ita ta yanke hukunci. Ko da sautin ya fita tas, ba ki da ikon haska shi. Hajiya ta saki jiki ta yi magana ne don a zatonta jikarta ce kaɗai a gabanta. In kika kai shi aji, maganar za ta dawo gida ko ba daɗe ko ba jima, don mu Hausawan Jidda kusan kowa ya san kowa, kuma ranar da ta ji ba za ta sake buɗe miki baki kan tafiyar nan ba. Ki kuma sani dokar ƙasar nan ta laifukan intanet, ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Na san kakarki ba za ta kai ki ƙara ba. Abin da nake jiye miki shi ne sabo, don hannun da ya saba ɗaukar na gida a ɓoye gobe na waje zai ɗauka.

Malamarki kuwa gaskiya ta faɗa. Tarihin Hausawan Saudiyya ya haɗa da mutanen da suka yi gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, waɗanda wasunsu suka yada zango a Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan. Ya haɗa da alhazan da suka shekara da shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira ta Sudan kafin kuɗin ƙetare teku ya taru, da malamanmu da suka karantar a Makka da Madina, da mutanen unguwannin Shara' Mansur da Hindawiyya a Makka, har da 'yan ƙwallon da ake rubuta Hausawi a bayan rigarsu. Ta ina duk wannan zai shiga minti goma? Abin da minti goma ke iya ɗauka shi ne mutum ɗaya da tambaya ɗaya. Ki ɗauki takarda ki rubuta fim ɗinki a jimla guda. In kika ga sai kin sa "da kuma" a tsakiya, har yanzu ya yi yawa.

Da ni ne, zan fara da tambayarta abin da suka taho da shi daga gida wanda har yau yana hannunta. Zai yi wuya a rasa wani abu, ko tasa, ko allon mahaifinta, ko carbi, ko waƙar daka da ta ji a bakin uwarta. Ko ki ɗauki dare ɗaya kawai daga cikin tafiyar, daren da suka shiga jirgin ruwa suka nufo Jidda. In kuma gidanku yana cikin waɗanda suka tashi lokacin rusau da aka fara a ƙarshen 2021, a unguwannin Jidda irin su Sabil, Karantina da Gulail, to ga fim nan a gabanki, labarin matar da ta yi ƙaura tana yarinya ta sake yi tana tsohuwa. Ki zaɓi guda. Sauran ki ajiye su ga aji uku da aji huɗu.

Yanzu maganar mayafi. Ki sake sauraron abin da ta ce. Fuskarta ce ba ta yarda maza su gani ba. Ba ta hana ki muryarta ba, ba ta hana ki hannuwanta ba. Ki koma ba tare da kyamara ba ki tambaye ta abin da ta yarda a nuna da wanda ba ta yarda ba, kuma ki gaya mata gaskiyar waɗanda za su kalla. Akwai maza a ajin? Za a kai shi gasa? Za ki ɗora a YouTube? Yardar da ta ba ki don aji ba ta kai intanet ba, kowanne sai kin nemi nasa. Takardar amincewar da jami'a za ta ba ki da Larabci ko Turanci take, don haka ki fassara mata da Hausa, ki naɗi amsarta da bakinta a farkon ɗauka. Ki sanar da mahaifinki tun yanzu, kuma in da wata gwaggo da Hajiya ke sakewa da ita, ki sa ta zauna tare da ku.

Kada ki ɗauka fim ya mutu don babu fuska. Hannun tsohuwa tana dama fura, tana jan carbi, tana ninke zani, tana ƙulle kuɗi a bakin gyale, ga muryarta a kai tana ba da labarin garuruwan hanya irin su Adire da Jinaina, wannan ya fi fuskar da aka tilasta ta daskare a gaban kyamara. Na yi aikin ɗaukar hoto a gidan talabijin a Arewa kafin zama ya kawo ni nan, kuma iyakata a gidajen mutane zaure ne. Duk hirar da na naɗa ta dattijai maza ce. Abin da matan da suka yi wannan tafiya suka gani, yadda aka haihu a hanya, yadda aka yi girki a jeji, yadda aka binne yaro aka ci gaba, kaɗan ne aka naɗa, kuma masu ba da labarin suna ta ƙarewa. Ke jika ce, mace ce, kina jin Hausa, kina iya kwana a ɗakinta. Babu wani darakta, komai tsadar kayan aikinsa, da zai samu wannan damar. Shi ya sa na ce kada ki canza.

Tunda muryarta ce za ta riƙe fim ɗin, ƙarfinki duka ya tafi kan sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, amma da zarar ya kasa jin magana zai tashi. Ki aro makirufon kwala a sashenku, ki maƙala shi kamar taƙi ɗaya daga bakinta, a wajen mayafin, don in ya shiga ciki gogar yadi kawai za ki ji. Ki kashe mukayyif da firij da fanka. Na san zafin Jidda, don haka ki yi ɗaukar bayan asuba, lokacin da ɗaki bai ɗau zafi ba, titi bai cika ba, ita ma tana da ƙarfi, kuma kada zama ɗaya ya wuce minti ashirin ko talatin. Abin sauraro ya kasance a kunnenki daga farko har ƙarshe. Kafin ku tashi, kowa ya yi shiru ki naɗi minti guda na shirun ɗakin. Da shi za ki cike gurabe a wurin tacewa, in ba haka ba duk inda kika yanka magana kunne zai ji tsalle.

Ga wani abu da malamarki ba lallai ta faɗa miki ba, don namu ne. Mu in babba yana magana ba ma yin shiru, sai "na'am", "ikon Allah", "ayya", "haka ne". Tarbiyya ce, amma a naɗi kowace "na'am" tana hawa kan maganarta, kuma ba ta cirewa. Ki gaya mata tun farko cewa za ki riƙa gyaɗa kai ne kawai saboda na'ura, don kada ta ɗauka kin raina ta. In ta kai ƙarshen magana ta yi shiru, kada ki yi saurin jefa wata tambayar. Ki jira. Sau da yawa abin da ya fi nauyi yana fitowa ne bayan wannan shirun.

Tambayoyinki ma ki gyara su. In kika ce "Hajiya, kun sha wahala a hanya?" za ta ce "Ai sai godiya", shi ke nan. Ki tambaye ta inda suka kwana a daren da suka shiga Sudan, abin da suka ci, wa ya goya ta, wane irin takalmi ne a ƙafarta. Ƙananan tambayoyi ne ke buɗe tsohon tunani. Ki san hanyar kafin ki zauna. Yawancin masu tafiyar ƙasa sukan bi ta Maiduguri su shiga Fort Lamy, wadda ta koma Injamena a 1973, sai Abeshe da Adire, su tsallaka Jinaina, su bi Fashir zuwa Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, daga nan har bakin Bahar Maliya, Sawakin ko Bur Sudan. Ki riƙa ambato mata sunayen ɗaya bayan ɗaya ki ga wanda zai tayar mata da labari. In ta rikita shekaru ko ta sa wani gari gaba da wani, kada ki gyara mata a gaban na'ura. In kuma ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ki bar ta da alkunyarta, kada ki cusa sunan a rubutun ƙasan hoto.

Hoto ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne abin da aka fi koya muku. Waya mai kyau ta isa. Ki kwantar da ita a kwance, ki ɗora a kan mariƙi mai ƙafa uku, ki kulle haske da saiti don kada su riƙa rawa, ki zaunar da Hajiya yadda hasken taga zai zo mata ta gefe. Duk aikin da take yi ki ɗauke shi daga nesa, daga tsakiya, sannan kusa, kowanne ki ƙirga goma a ranki kafin ki tsayar. Abu ɗaya da ke kama ɗalibai a nan shi ne wutar lantarki. Ta Saudiyya tana bugawa sau 60 a sakan, ta Najeriya da Sudan sau 50. In kina ɗauka a hoto 25 a sakan ƙarƙashin fitilar ɗaki kika ga haske yana ƙyafƙyafta, ki mayar da shota, wato saurin buɗewar idon kyamara, kan 1/60.

A wurin tacewa ne fim ke samun alƙiblar da malamarki take nema, kuma nan ɗalibai suka fi yin sakaci, sai su cinye mako biyar suna ɗauka su bar kwana uku ga haɗawa. Ki juya lissafin. Makon farko zama da Hajiya ba kyamara, biyu na gaba ɗauka, sauran ukun na tacewa. Kafin ki buɗe kwamfuta, ki rubuta duk abin da ta faɗa da Hausa a takarda, kalma da kalma, da mintin da kowace magana ta faɗo. Aiki ne mai cin rai, amma a takardar za ki ga fim ɗin. Ki ja layi ƙarƙashin maganganun da suka amsa tambayarki guda ɗin nan, ki jera su, sauran ki bar su ko da sun yi daɗi. Tela ma sai ya yarda ya zubar da ƙyalle kafin riga ta fito. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve tana da ta kyauta wadda ta ishe ki. Abin da kika ɗauka ki ajiye shi a wuri biyu daban tun ranar da kika ɗauka.

Ina roƙonki kada ki shimfiɗa kiɗan tausayi a ƙarƙashin muryarta. Ɗalibai suna yin haka ne don tsoron kada mai kallo ya kasa jin abin da ya kamata ya ji. Ƙarar ludayi a ƙwarya da kiran salla daga nesa sun wadatar. Ke ma ki taƙaita naki bayanin, layi biyu a farko da ke faɗin wace ce da shekarar da suka taso, in an san ta. Fassarar Larabci a ƙasan hoto kada ta wuce layi biyu a lokaci guda, kuma ki gwada ta a kan wata 'yar ajinku da ba ta jin Hausa, ki tambaye ta abin da ta fahimta.

In za ki fita waje ɗaukar titi ko bakin teku, ki karɓi wasiƙar izini daga sashenku ki riƙe a jaka. Ki kuma kula da waɗanda ke faɗowa cikin hoto. A cikin maƙwabta da ƙawayen Hajiya akwai mai yiwuwa a samu wadda iƙamarta, wato takardar izinin zama, ke da matsala, ko mai ɗan sayar da abinci a gida. Makin jarrabawarki bai kai a tayar wa wani da hankali ba. Wanda ba ki nemi yardarsa ba, ki cire shi.

Idan kin gama, Hajiya ce za ta fara kallo, kafin malamarki. Abin da ta ce a cire ki cire, ko da shi ne wurin da kika fi so. Cikakken naɗin kuma, wanda ba a yanka ba, ki ba kowane gida a danginku kwafi. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe min da ita.

Malam, barka da aiki. Ɗana ya gama sanawiyya, wato sakandare, ina so ya karanci injiniya, shi kuma ya kafe sai fim, wai fim na gaskiya. Ni tela ne, da allura na rene su. Wannan karatu ne da mutum zai riƙe gida da shi, ko wasa ne?

Mahaifi, Makka

Alhaji, barka kadai. Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba.

Karatu ne, kuma ƙasar nan ta ɗauke shi da gaske. Jami'ar Effat a Jidda ta fara koyar da shi a 2013, da haɗin gwiwar makarantar fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, kuma 'yan mata ne suka fara. An sake buɗe gidajen sinima a Afrilun 2018 bayan fiye da shekara talatin a rufe. An kafa Hukumar Fina-finai a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, sannan aka yi bikin fina-finai na Bahar Maliya karo na farko a tsohon garin Jidda a Disambar 2021. Akwai kuma bikin fina-finan Saudiyya da aka faro a Dammam a 2008, wanda yanzu ake yi a cibiyar Ithra ta Zahran, kuma ɗalibai suna kai gajerun fina-finansu can. Jami'ar Ummul Ƙura da ke kusa da kai da Jami'ar Sarki Abdul'aziz duk suna koyar da aikin jarida da talabijin.

Amma shi gajeren fim na gaskiya, shi kaɗai, ba ya ciyar da gida. Ba a sayen tikiti don kallonsa, kuma wanda ya yi shi yakan kashe nasa ne. Abin da ke kawo kuɗi shi ne sana'o'in da ake koya a cikinsa, wato riƙe kyamara, naɗar sauti, tace hoto, gyaran launi. Da su ake aiki a gidajen talabijin, da kamfanonin talla, da kamfanonin Hajji da Umara, da ɗaukar bukukuwa. Tashoshin nan biyu da ke nuno Harami da Masallacin Annabi dare da rana, mutane ne ke zaune a bayan kyamarorin, aikin da suka koya ne. A ganina mai tace hoto da mai sauti sun fi darakta samun aiki a kai a kai, don kowa darakta yake son zama, su kuwa ba su da yawa. Yaron da ke jin Hausa da Larabci yana da wata ƙofar kuma, don alhazan Najeriya da Nijar da ke zuwa duk shekara suna bukatar bayani da harshensu.

In yaron ba shi da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, kafin ka biya ko riyal ɗaya ku je tare ku tambayi sharaɗin shiga da kuɗin makaranta ga ɗan iƙama, ku kuma bincika ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Wannan binciken ya shafi injiniyan ma. Maganar hukuncin hoto a addini kuwa, in tana cikin abin da ke damunka, ka kai ta ga malamin da ka amince da shi, ka bayyana masa ainihin irin fim ɗin da yaron yake nufi.

Ga gwajin da zan ba ka, kuma kai tela ka fi ni saninsa, don ba ka ba yaro yadin mutane sai ka ga ya iya ɗinke aljihu. Ka ce ya yi maka fim na minti biyar a kan shagonka, da wayar da ke hannunsa, ya ɗauki riga ɗaya daga awo har guga. Ka ba shi wata guda. Ka lura ko zai tashi da wuri ya zo shagon, ko zai sake ɗauka in sauti ya lalace, ko zai iya zama daren da ake bukata yana tacewa. In ya kawo maka shi a kammale, kana jin muryarka sarai da ƙarar kekenka, ka sa masa albarka ya tafi, ka kuma ce ya ba sauti da tacewa ƙarfi. In watan ya ƙare yana cewa sai an saya masa babbar kyamara tukuna, ku sake zama a kan maganar injiniyan.